Ranar da Gwaggo ta Tone Furen Baturiya

Abubuwa da yawa sun faru da ni a Onitsha, wadda mu Hausawan can muke kira Anaca, kuma yawancinsu yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma akwai wata ranar Litinin ta hutun Ista, a shekarar da ake ta shirye-shiryen karɓar mulkin kai, wadda ko gigin tsufa ya kama ni ba na jin za ta fita daga kaina. Ita ce ranar da na raka gwaggona gandun daji ƙidayar furanni. Ƙwarai kuwa, furanni. Har yau idan na tuna sai in ji haushin ya dawo mini sabo, sai dai wanda nake jin haushin nasa ne ya canza.

A lokacin ina da shekara ashirin da biyar, ina aikin akawu a wani kamfanin sayen manja a bakin kogin Kwara. A unguwar Fegge aka haife ni, mahaifina kuwa fatauci ne ya kawo shi daga Kano ya zauna. Na iya Turanci, na iya Ibo kamar ɗan gari, kuma gaskiya ina ji da kaina fiye da kima. Ba na fita sai da farin wando mai kari da alƙalami a aljihun gaba.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Gajeriya ce, amma muryarta daga wannan layin kasuwa ana jin ta a wancan. Tun da mijinta ya rasu take sayar da saiwoyi da sassaƙe da ganyayyakin magani a gefen babbar kasuwa, kuma matan Ibo sun fi namu yawa a cikin masu saye. Yaren Ibonta a karye yake, amma ya ishe ta ciniki, ya kuma ishe ta faɗa.

Abin ya samo asali ne daga wata takarda da aka aiko wa Sarkin Hausawa. Hukumar gandun daji na shirin sare wani ɓangare na dajin da ke bayan gari ta shuka malaina, don a samu itacen tokare ramukan kwal na Inugu. Sai wata Baturiya, malama a wata makarantar 'yan mata, ta tashi tsaye. Tana da wata 'yar ƙungiya ta masu sha'awar tsirrai, kuma an yi mata alkawari cewa idan suka zagaya suka rubuta furannin da ke wurin, aka ga akwai wanda ba a cika samun irinsa ba, za a bar wannan ɓangaren yadda yake. Shi ne take neman 'yan sa-kai, kuma tana roƙon a ba ta wani daga cikinmu da ya san tsirrai. Sarki bai yi dogon tunani ba ya ce Gwaggo. Mahaifina kuma bai yi dogon tunani ba ya ce ni zan zama tafinta.

Na ce, "Baba, ranar fa hutu ce."

Ya ce, "Shi ya sa. Da ranar aiki ce ai ba zan aike ka ba."

Da sassafe motar katako ta sauke mu a bakin dajin. Mun tarar da mutane kamar goma sha biyu, yawancinsu malaman makaranta da akawuna irina. Ga Baturiyar, doguwa, da malafa, rana ta riga ta mayar da fuskarta ja. Ga wani dattijon hedimasta Ibo mai sanyin magana, wanda shi ne mataimakinta. Ga kuma malamin daji cikin kaki, yana kallon kowa kamar ɓarawon itace. Gwaggo ta sauko da kwandonta da wani ƙarfen tono da ake kira dagi. Tun a gida na roƙe ta ta bar shi, ta ce sandarta ce, ko so nake ta faɗi a hanya?

Baturiya ta tara mu ta yi bayani. Za a kafa turaku a ja igiya, a yi fili-fili kamar ɗaki, kowane mutum biyu su ɗauki ɗaya su ƙidaya duk wani fure da ke ciki su rubuta. Ba a tsigewa, ba a tonewa. Sannan ta buɗe wani littafi ta nuna zanen furen da aka fi nema, mai launin shunayya, a kan dogon kara marar ganye. Ta ce farkon damina yake fitowa, kuma idan aka same shi magana ta ƙare. Littafin ya shiga zagayawa hannu zuwa hannu har ya zo kaina.

Gwaggo ta ce, "Miƙo in gani."

Na dubi hannunta, duk baƙin ruwan sassaƙe, na dubi fararen shafukan littafin, na dubi mutanen da ke kallonmu. Na ce, "Gwaggo, littafin Turanci ne." Na miƙa shi ta saman kanta ga na gaba.

Ta dube ni, ta ce, "To." Daga cikin dogon bayanin Baturiya kuwa abin da na fassara mata kawai shi ne an ce kada a taɓa komai.

Ta ce, "Kada a taɓa? To me ya kawo mu?"

Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan.

Wanda bai taɓa durƙusawa cikin ciyawa yana ƙidaya fure ba, ba zai san irin wahalar ba. Wasu furannin ba su kai ƙwayar gero ba. Ka ƙidaya ka kai arba'in, iska ta kaɗa, ka manta inda ka tsaya. Baturiya ta zo ta leƙa takardarka, ta girgiza kai, ta ce wannan da wancan ba iri ɗaya ba ne, duba ƙasan ganyen, a sake. Sannan ta faɗi wani suna na Latin mai tsawon igiyar rijiya ta ce ka rubuta. Sau uku na sake filina na farko. Kafin hantsi ya dubi ludayi farin wandona ya zama na manomi.

Gwaggo kuwa ko sau ɗaya ba ta ƙidaya ba. Bin Baturiya take a baya tana sharhi da ƙarfi. Duk tsiron da matar nan ta sunkuya a kansa sai Gwaggo ta ce, "Wannan na basir ne, a tafasa da jar kanwa." A matsa gaba, "Wannan na mai jego ne idan nono ya ƙi zuwa." A ƙara matsawa, "Wannan na mazan da suka gaza a gida ne, ka gaya mata ko mijinta na bukata."

Baturiya ta juyo ta tambaye ni me take cewa. Ni kuwa ina zan iya faɗar wannan a gaban malaman makaranta? Na ce, "Cewa take yana da kyau."

Haka muka yi ta yi. Duk abin da Gwaggo ta faɗa, fassarata ɗaya ce. A karo na biyar ko na shida Baturiya ta yi murmushi ta ce lalle gwaggon nan tawa mace ce mai son kyawawan abubuwa. Gwaggo ta ce me ta ce? Na ce tana gaishe ki. Gwaggo ta ce tana amsawa, amma a gaya mata ta daina tsayawa a ƙarƙashin wannan kurangar, karara ce. Wannan ma ban fassara ba, don na ɗauka surutu ne irin nata. Ba a jima ba ni da Baturiya da wani malami muka shiga susa kamar masu ƙazwa. Gwaggo ta tsaya daga nesa tana kallonmu tana tauna goro.

Rana ta take, ba mu ga furen ba. Mutane suka fara gunaguni, wasu biyu ma suka sulale suka tafi. Lokacin azahar ya yi, Gwaggo ta ɗauki butarta ta nufi wata inuwa can nesa don ta yi salla. Ba ta daɗe da tafiya ba sai muka ji hedimasta, mutumin da tun safe ba a ji muryarsa ba, yana ƙwala kira. Muka ruga. Ga shi nan a gindin wani dutse, guda ɗaya tak, dogon kara da furanni shunayya, kamar an ciro shi daga littafin. Baturiya ta durƙusa a gabansa. Ta hana kowa matsowa. Ta kafa sanda kusa da shi, ta ɗaura farin hankicinta a kai don alama, ta ce za ta koma mota ta ɗauko kyamara, kuma motar na da nisa. Sauran mutane suka watse inuwa cin abinci. Ni aka bar wa gadi.

Da na tsaya a inda aka ajiye ni da ba a yi wannan labari ba. Amma ashe a kan hanyar kwarkwasa nake tsaye. Kafin in ankara sun hau ƙafafuna sun shige wando, suna cizo kamar ana soka mini allura. Na ruga bayan wani kurmi na tuɓe ina kakkaɓewa ina tsalle. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Abin da na sani shi ne da na fito ina gyara wando, sai na hango Gwaggo tsugune a gindin dutsen nan, dagi a hannu.

Na yi ihu, amma aikin gama ya gama. Ta riga ta tone saiwar, wata dunƙulalliya kamar ƙaramar gwaza. Ta karya karan da furannin ta yar gefe. Ta kuma kwance hankicin Baturiya daga sanda ta naɗe saiwar a ciki, tana cewa Allah ya yi wa wanda ya manta da ƙyallen nan albarka.

Daidai nan Baturiya ta iso da kyamara a wuya. Ta dubi ramin, ta dubi furen a ƙasa, ta dubi hankicinta a hannun Gwaggo. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Zama ta yi a kan dutsen ta rufe fuska da malafa, kafaɗunta na girgiza. Malamin daji kuwa kamar jira yake. Ya fizge dagin, ya ce an karya dokar gandun daji a gaban idonsa, tsohuwar nan sai caji ofis.

Kaina ya yi zafi. Na hango yayar mahaifina a bayan kanta, na hango fuskar Baba idan na koma gida ni kaɗai, na hango manajanmu, wanda na tabbata labarin zai kai masa kafin gari ya waye. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na ɗaga wa Gwaggo murya.

Na ce, "Haba Gwaggo! Ba na ce miki kada ki taɓa komai ba? Tun safe abin da ake nema ke nan, guda ɗaya aka samu a dajin nan gaba ɗaya, kin zo kin tone! Kin kunyata mu, kin jawo mana bala'i!"

Ta miƙe a hankali. Ta ce, "Ni kake ɗaga wa murya?" Sannan ta sunkuya ta ɗauki karyayyen furen ta jujjuya shi. "Wannan ake nema tun safe? Wannan gadalin?"

Na ce shi.

Ta ce, "Shi ne a cikin littafin da na ce ka miƙo mini?"



Daga nan Gwaggo ta sallame ni daga aiki. Ta juya mini baya ta fuskanci hedimasta, ta shiga yi masa magana da karyayyen Ibonta, shi kuma yana mayar wa Baturiya da Turanci. Ina tsaye ina jin yarukan duka biyu, ba wanda ya ƙara bukatata. Ta ce masa ta nemi ganin hoton, ɗan ƙaninta ya hana ta. Ta ce tun safe take faɗar amfanin kowane tsiro, ba ta ga an rubuta ko ɗaya ba. Ta ce wannan da ake kuka a kansa ɓatacce ne, tsuntsu ko ruwa ya kawo shi nan, amma ita ta san garinsu. Baturiya ta ɗaga malafa daga fuskarta. Kallon da ta yi mini bai fi na ƙiftawar ido ba, amma na gwammace cizon kwarkwasa.

Baturiya ta miƙe ta ce a tafi yanzu. Gwaggo kuwa sai ta shimfiɗa gyalenta ta zauna. Ta ce shekara ashirin tana zuwa wurin nan a ɓoye, tana wasan ɓuya da masu kaki, da saiwar take yi wa mutane maganin kumburi, ba za ta kai hukuma da ƙafarta a rufe mata ƙofa ba. A fara mayar mata da daginta. Sannan a ba ta takardar izinin ɗiba, ita da wata ƙawarta 'yar Ibo da ta fara nuna mata wurin. Baturiya ta ce ba ta da ikon ba da izini, sai dai ta rubuta wa shugaban gandun daji ta roƙa. Gwaggo ta ce to ta rubuta. Baturiya ta ce idan ta koma gida. Gwaggo ta ce a nan. Malamin daji ya ce shi bai taɓa ganin mai laifi yana kafa sharaɗi ba. Gwaggo ta ce masa yau ya gani.

Kusan awa guda aka yi ana wannan ja-in-ja, rana na dukanmu, ni ga ƙaiƙayi ga cizo ga yunwa. A ƙarshe aka mayar wa Gwaggo daginta, Baturiya ta ɗora takarda a gwiwa ta rubuta, ta sa hannu, hedimasta ya sa. Gwaggo ta miƙo mini ta ce in karanta mata da Hausa. Na karanta. Sai ta karɓe ta miƙa wa hedimasta ta ce shi ma ya karanta mata da Ibo, don ta ji ko maganar ta zo ɗaya. A gaban kowa ta yi haka.

Ta shige gaba muna bin ta. Muka gangara wani tudu, muka kutsa ta cikin gora, muka tsallaka wani rafi inda taɓo ya riƙe takalmina na dama, har yau yana can. Tsohuwar da ta ce za ta faɗi in ba sanda, ita muke haki muna ƙoƙarin cimma. Muka zagaya wani katon dutse, sai ga wani ɗan kwari a buɗe, rana na sauka cikinsa. Daga bakinsa har ƙarshensa shunayya ne. Iska na kaɗa su gaba ɗaya kamar an shanya rini. Duk haushin da nake ciki sai da na ce Tabarakallah. Hedimasta ya cire hularsa. Baturiya kuwa ta ma manta da kyamarar da ke wuyanta.

Da ta dawo hayyacinta, abin da ta fara cewa shi ne a ɗauko turaku da igiya. Sai an ƙidaya su. Dukkansu.

Da ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a ƙasa na yi ta rarrafe a kwarin nan har la'asar sakaliya. Gwaggo na zaune a inuwa, Baturiya na gefenta da littafin rubutu, hedimasta a tsakiya. Ina jiyo ta tana bayanin yadda take ɗaukar tsohuwar saiwa ta bar 'ya'yan, da yadda ba ta tono wuri ɗaya shekara biyu a jere, Baturiya na rubutawa kamar ɗaliba. Lokaci-lokaci sai ta ɗago ta ƙwala mini kira, "Kai akawu, ka tsallake uku a bayanka!"

Bayan 'yan watanni labari ya zo. An bar kwarin da kewayensa, an shuka malaina a tudun da muka sha rana. Izinin Gwaggo da ƙawarta ma ya fito, ɗan kati ne da hatimi, ta naɗe shi a tsumma tana yawo da shi a lalita, tana nuna wa duk mai kakin da ta gamu da shi ko bai tambaya ba. An kuma aiko mini da kwafin rahoton da ƙungiyar ta buga. A shafin godiya ga sunayen 'yan sa-kai a jere, har da nawa, cikakke. Gwaggo kuwa an rubuta cewa an samu taimakon wata tsohuwa mai sayar da magani. Ashe ranar ba wanda ya tambayi sunanta, ni kuma da ya kamata in gabatar da ita ban yi ba.

Na kai mata har rumfarta. Ta ce in karanta mata inda sunanta yake. Zuciyata ta raya mini in nuna wani layi in ce ga shi nan, ba za ta taɓa ganewa ba. Amma na gaji da ƙarya. Na ce, "Gwaggo, babu sunanki. Nawa ne aka sa."

Ta ce, "Naka? Da ka yi me?"

Na ce, "Ban yi komai ba."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "To, yau dai ka faɗi gaskiya. Zauna ka daka mini sassaƙen nan." Na zauna a tsakiyar kasuwa, da rigar ofis, na yi ta daka har magariba ta kusa. Wannan bai hana ta bai wa duk Fegge labarin ba, gida-gida, kuma kowane karo da ƙarin gishiri.

Na daɗe ina ba da labarin nan a matsayin ranar da Gwaggo ta wahalar da ni. Sai da girma ya zo na yarda cewa ni na wahalar da kowa. Mutum goma sha biyu sun yini a rana suna neman abin da matar da ke tsaye kusa da ni ta sani kamar tafin hannunta, ba don komai ba sai don na ji kunyar a ga nawa bai yi boko ba. Abin da na koya shi ne kada ka yanke wa mutum iyakar saninsa saboda hannunsa ya yi baƙi ko bai iya karatu ba, ka tambaye shi tukuna. Idan kuma aka sa ka a tsakanin mutum biyu ka isar da magana, amana aka ba ka, ba naka ba ne ka tace. Na yi aikin tafinta sau ba adadi bayan wannan, a ofis da asibiti da gaban alƙali, kuma ko maganar za ta sa in nutse don kunya, yadda aka faɗe ta haka nake isar da ita.